Tambaya da Amsa: Mahaifiyata Tana Riƙe da Ludayi, Amma Sunansa Ya Ɓace Mata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, kuma kusan shekara biyu ke nan muna lura da cewa sunayen kayan da ta tashi da su suna ɓace mata. Sai ta ce, "Miƙo mini abin nan." Idan aka tambaye ta wanne, sai ta ce, "Abin nan dai, na shan fura," tana kwatanta shi da hannu, alhali ludayi take nufi. Kwanaki ta kira almakashi wuƙa, carbinta kuma ta ce "na lazimi". Abin ƙaruwa yake yi, har ta fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a wuni, amma karatun sallarta bai taɓu ba. Yayanmu ya ce tsufa ne kawai, gwaggonmu ta ce jifa ne, ƙanenmu kuwa kullum da yamma yana ɗaga mata kaya yana cewa, "Inna, mene ne wannan?" wai don ya motsa mata ƙwaƙwalwa, har wani lokaci ta yi hawaye. Me ke damunta, kuma me ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da ita. Abin da kika bayyana likitoci suna kiransa anomiya, wato kasa samo sunan abu a daidai lokacin da ake bukatarsa, kuma yana cikin alamomin da ke fara fitowa a cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, waɗanda muke haɗa su duka mu ce gigin tsufa. Ba a yanke hukunci a kan cutar mutum daga wasiƙa, sai an gan shi an gwada shi, amma daɗewar abin har shekara biyu, da ƙaruwar da yake yi, da zuwansa tare da maimaita tambaya, sun isa dalilin kai ta asibiti ba tare da ƙarin jira ba.

Maganar yayanku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kai inda ya kai ta ba. Duk mai shekaru ya san yadda suna yake kwanta wa mutum, galibi sunan wani da aka daɗe ba a gani ba ko na wani gari. Yana jin sunan a bakinsa, sau da yawa ya san harafin da ya fara da shi, idan aka ambaci wanda ba shi ba zai ce a'a nan take, sa'an nan bayan an jima, wataƙila yana tsakar alwala, sai sunan ya faɗo masa da kansa. Wannan shi ne tsufa. Amma ludayi da carbi a hannun macen da ta shafe fiye da shekara hamsin tana taɓa su safe da yamma ba irin sunayen da tsufa kaɗai yake ɗaukewa ba ne. Gigin tsufa cuta ce, kuma akasarin tsofaffi ba sa kamuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ita a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama da ita.

Domin ku fahimci abin da ke faruwa da ita, ya kamata ku san cewa faɗin sunan abu, duk da ba ya cin daƙiƙa guda ga mai lafiya, aiki ne mai hawa-hawa. Ido yana gani, sashen ƙwaƙwalwa da ke ƙeya ya tantance siffar abin. Daga nan sai a haɗa siffar da dukkan abin da mutum ya sani game da shi, cewa daga duma ake fafe shi, ana shan fura da kunu da shi, ana aje shi a kan faifai, kuma wannan sani yana taruwa ne a sassan ƙwaƙwalwa da ke gefen kai, tsakanin ido da kunne. Sai a nemo kalmar da ta dace da sautukanta a jere, aikin da a yawancin mutane ɓangaren hagu ne yake yin sa. A ƙarshe harshe da leɓe su furta. Kowane mataki a cikin waɗannan yana iya lalacewa shi kaɗai, shi ya sa mutum biyu za su kasa cewa "ludayi" amma dalilinsu ya sha bamban. A wajen wani hatsi yana nan cikin rumbu, tsani ne ya karye; a wajen wani kuwa hatsin ne kansa gara take ci.

Bisa ga yadda kika kwatanta, sanin Inna game da ludayi yana nan, tun da ta faɗi amfaninsa har ta nuna yadda ake riƙe shi, hanyar zuwa ga kalmar ce take toshewa. Kiran almakashi wuƙa kuwa kuskure ne da aka saba gani, inda ake ɗauko sunan wani abu na kusa, mai yanka a madadin mai yanka. Irin wannan yana cikin abin da likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya rubuta game da matar da aka fara gane cutar a jikinta, Auguste Deter, wadda aka kwantar a asibitin Frankfurt a 1901 tana da shekara 51. A rahotonsa na 1907 ya ambaci cewa takan ce "abin zuba madara" a maimakon kofi. A farkon cutar Alzheimer matsalar takan fi zama ta samo kalma, amma idan tafiya ta yi nisa ma'anar ma tana soma zaizayewa, sai raƙumi da jaki duk su koma "dabba", gero da dawa su koma "abinci", daga baya komai ya zama "abin nan". Kalmomin da aka koya tun ƙuruciya kuma ake yawan faɗi, irin su ruwa da tuwo da gida, su ne suka fi jurewa, waɗanda ba a cika ambata ba, irin su maburgi ko mazari, su ne kan fara tafiya.

Kada ingancin karatun sallarta ya sa ku sakankance. Abin da aka haddace tun yarinta aka kuma maimaita shi sau da yawa kowace rana, kamar Fatiha da gaisuwa da ƙirge, yana fita ne a jere ba tare da an tsaya neman kalma ɗaya-ɗaya ba, don haka yakan daɗe bayan sauran magana ta raunana. Rahama ce a gare ta, kuma abin da za ku riƙa yi tare da ita ne, amma ba shaida ba ce cewa ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Game da maganar gwaggonku, addu'a ba ta hana neman magani, sai dai ina roƙonku kada ku bari zargin jifa ya faɗa kan wani a cikin dangi ko maƙwabta, domin zumunci da yawa ya lalace a kan cutar da hoton ƙwaƙwalwa zai iya nuna tabonta, kuma watannin da ake ɓatawa wajen neman wanda ya yi asiri su ne watannin da ya kamata a ce ana gaban likita.

Ƙanenku alheri yake nufi, amma ina ba shi shawara ya daina wannan tambaya daga yau. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da cuta ta kashe ba sa farfaɗowa don an matsa wa mai su, abin da matsin yake haifarwa shi ne fargaba, fargaba kuma tana ƙara toshe hanyar kalma. Ga shi kuma ya zaɓi yamma, lokacin da masu wannan cuta suka fi gajiya da rikicewa. Babban abin da nake ji mata tsoro shi ne uwar da 'ya'yanta suka mai da ita ɗalibar da ke faɗuwa jarrabawa kullum takan zaɓi yin shiru, ta daina shiga hira, ta janye daga mutane, kuma wannan kaɗaicin yana da nasa lahanin a kan ƙwaƙwalwa. Tana iya manta abin da aka tambaye ta, amma ɓacin ran yakan wuni tare da ita.

Idan ta ce "abin nan", a ba ta ɗan lokaci, kada mutum uku su yi caa a kanta kowa da nasa hasashen. Idan kalmar ba ta zo ba, kuma kin gane abin da take nufi, ki miƙa mata ki ce, "Ga ludayin, Inna," ki ci gaba da hirarku kamar ba a yi komai ba. Ta ji sunan, ta sami abinta, mutuncinta bai taɓu ba. Idan ba ki gane ba, ki rage mata nisa da zaɓi biyu, "Buta kike so ko moɗa?" ko ki ce ta nuna miki. Wasu marasa lafiyar suna son a ɗan fara musu kalmar, a ce "lu...", sai su ƙarasa da murna, wasu kuwa hakan yana ƙona musu rai, don haka fuskarta ce za ta gaya miki. Idan ta ce wuƙa alhali almakashi take so, ba sai an gyara mata ba. A kashe rediyo ko talabijin in ana magana da ita, a fuskance ta, a yi jimla gajera, kuma a bar kayanta a inda ta saba ganin su. Mafi muhimmanci a wurina shi ne kada a ƙwace mata aiki don suna ya ɓace mata. Hannun da ya san tsince shinkafa da ɓare gyaɗa da dama fura yana riƙe da saninsa bayan baki ya kasa, kuma sau da yawa a cikin aikin ne kalmar take fitowa ba tare da an nema ba.

A asibiti, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko likitan da ke duba tsofaffi. Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya fi kusa da ku, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Wanda ya fi zama da ita shi ya kamata ya raka ta, ya tafi da duk magungunan da take sha, har na gargajiya da na kemis, da kuma misalan kalmomin da ta faɗa kamar yadda kika rubuto mini. Dalilin gaggawar shi ne akwai abubuwan da ke kwaikwayon gigin tsufa ko su tsananta shi, kuma suna da magani: ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, ciwon damuwa, taruwar jini a cikin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, da wasu magungunan barci da na mura. A duba idonta da kunnenta, domin mai yanar ido yana iya kasa faɗin sunan abu saboda bai gan shi sosai ba. Idan ta tabbata Alzheimer ce, akwai magunguna irin su donepezil da memantine, waɗanda ba sa warkarwa amma sukan ɗan sassauta alamomin na wani lokaci a wajen wasu, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su. Kula da hawan jini da ciwon suga yana kare abin da ya rage.

TAMBAYA: Maigidana tela ne, shekararsa 58. Ba ya mantuwa, ya san ranar da kowa zai karɓi ɗinkinsa, yana zuwa kasuwa ya dawo shi kaɗai. Amma rannan na ce ya sayo mana kuɓewa, sai ya dube ni ya ce, "Mece ce kuɓewa?" Na ɗauka wasa yake yi. Yanzu agwagwa da zabo da tattabara duk kaza yake ce musu. Shin mai shekarunsa yana yin gigin tsufa? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Yana yi, Hajiya, kuma tambayar nan tasa ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Wanda kalma ta kwanta masa yana gane ta da zarar an faɗa, amma wanda aka faɗa masa kalmar da ya sani tun yana yaro ya tambayi ma'anarta, to sanin abin ne kansa yake gushewa. Wannan ya yi kama da wani nau'i da ake kira gigin gushewar ma'ana, wanda masaniyar ƙwaƙwalwa Elizabeth Warrington ta bayyana a Landan a 1975, kuma wasu likitoci a Manchester suka raɗa masa suna a 1989. Yakan fara ne tsakanin shekara hamsin da wani abu zuwa sittin da wani abu, yana cin gaban sashen ƙwaƙwalwa da ke gefen kai, galibi na hagu ya fi tsanani, kuma ba kasafai ake gadonsa ba. Mai shi yana magana tiryan-tiryan ba tare da in'ina ba, yana tuna abin da ya faru jiya, yana gane hanya, yana lissafi, shi ya sa mutanen waje suke ƙaryata iyalinsa idan suka ce ba shi da lafiya. Ƙananan bambance-bambance ne suke fara ɓacewa, abin da ya raba zabo da agwagwa ya tafi, sai sunan tsuntsun da aka fi sani ya rufe sauran.

A nan fara masa kalma ba ya amfani sosai, domin ba sautin ne ya ɓace ba. Abin da ya fi taimako shi ne nuna masa abin a zahiri, a inda ya saba ganinsa, ana aiki da shi. An lura cewa masu wannan cuta sukan gane kayansu na kansu amma su kasa gane irinsu na wani, don haka kada ki canza masa tsohuwar butarsa ko almakashinsa da sabo mai wata siffa. Masu koyar da magana a asibiti suna iya sake koya masa 'yan kalmomin da ya fi bukata ta hanyar hotunan kayansa, kuma sukan zauna muddin ana maimaitawa, ko da yake ba sa jawo sauran kalmomi su dawo. Ki kula da haɗari, domin wanda ma'anar abubuwa take ɓace masa yana iya ɗaukar kananzir a matsayin abin sha, saboda haka a kulle fetur da maganin ƙwari da magunguna. Wataƙila ki ga halinsa ya sauya, ya kafe a kan yin abu ɗaya a lokaci ɗaya, ko ya tsananta son zaƙi, ko ya rage nuna tausayi; cutar ce, ba ƙiyayya ba. Yana bukatar hoton ƙwaƙwalwa da ganin likitan jijiyoyi, a Maraɗi ko a Yamai, kuma magungunan Alzheimer ba su cika amfani a wannan nau'in ba. Tun yana iya bayani, ku zauna da manyan 'ya'yansa a rubuta basussuka da ajiyar mutane da ke hannunsa.

TAMBAYA: An gwada mahaifina, manomi da bai yi boko ba, da wani littafin zane-zane, ya kasa faɗin sunan fiye da rabi, aka ce yana da matsala. A gida kuwa babu kayan gona ko icen da bai san sunansa ba. Wanne zan yarda da shi? Daga wani mai karatu a Azare.

AMSA: Malam, shakkarka tana kan hanya. Gwajin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na Boston, wanda aka wallafa a Amurka a 1983, mai zane 60 da aka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana ba mutum daƙiƙa 20 a kan kowane. Akwai gado da tsintsiya da raƙumi a ciki, amma akwai ɗakin ƙanƙara irin na mutanen ƙarshen arewacin duniya, da matakala mai tafiya da kanta, da dabbobin teku da manomin Azare ba shi da dalilin sanin su. Ban da haka, bincike a ƙasar Fotugal ya nuna cewa waɗanda ba su yi makaranta ba sun fi shan wuya wajen gane zanen layi baƙi da fari fiye da abu na zahiri ko hoto mai launi. Saboda irin wannan ne masu binciken gigin tsufa da suka haɗa Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka tun daga 1992 suka yi aiki da gwajin da ake nuna wa mutum agogo da kujera da takalmi da gwiwar hannu, a tambaye shi mece ce gada, me ake yi da guduma, sa'an nan a zauna da wani na kusa da shi a ji ko ya canza daga yadda aka san shi.

Canjin nan shi ne ma'auni na gaskiya. Ka koma ka nemi a sake gwada Baba da Hausa, da kayan da ya sani, bayan an duba idonsa. Ka kuma sanar da mai gwajin al'adunmu idan baƙo ne a cikinsu, domin dattijuwar da ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari kunya ce ta hana ta, kuma kuskure ne a rubuta mata shi a matsayin mantuwa. Amma idan wani abu ne kuka gani a gida ya sa kuka kai shi tun farko, kada raunin gwajin ya sa ku watsar da batun.

TAMBAYA: Shekaranjiya bayan sallar asuba mahaifinmu, mai hawan jini, ya kasa faɗin sunan komai, yana ta kame-kame, amma kafin hantsi ya dawo daidai. Farkon gigin tsufa ne? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Wannan ba halin gigin tsufa ba ne, domin shi a cikin watanni da shekaru yake shigowa. Maganar da ta ɗauke farat ɗaya ta dawo alama ce cewa jini ya yanke wa wani sashen ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, kuma gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki, wadda haɗarinta ya fi yawa a kwanakin farko bayan irin wannan. Ku kai shi asibiti yau, ko da yana cewa garau yake ji. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana nan cikin garinku. Idan abin ya sake dawowa, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ku lura da lokacin da ya fara ku garzaya da shi, domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko wani jiƙo a hanya saboda yana iya shaƙewa, kada kuma a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton kansa a tabbatar ba jini ne ya fashe ba. Idan yana shan maganin ciwon suga, a auna sugansa nan take.